Ƙirjin Kubura da Zanen Inna

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
An yi wa matata Kubura aiki, an ciro ɗiya mace. Haihuwa huɗu a gida lafiya, ta biyar sai da wuƙa. Ɗakin masu jego warin jini da fitsari. Na leƙa na fito. Ni malamin makaranta ne, ba mahauci ba.

Laraba, 5 ga Yuni
Nas Sadiya ta tsare ni a baranda. Wai bayan irin wannan aiki mace kan ji tsoron jan numfashi saboda zafin ɗinki, sai kaki ya kwanta a huhu. A zaunar da ita, ta ja iska sosai, ta rungumi filo ta yi tari, ta taka ƙasa. Na ce na sani, na karanta. Kullum na karanta.

Juma'a, 7 ga Yuni
An sallame mu. Inna Kaltume, uwar Kubura, ta iso daga Giwa Tazo da ƙullin kanwa da ilimin da ba ya karɓar gyara. Ta naɗe mata ciki da zane tamau kamar buhun albasar Aliero, ta toshe taga da tsumma, ta tura kaskon garwashi ƙarƙashin gado. Tari kuwa haram. "Ki haɗiye shi, ɗiyata, kar ɗunkin shi ɓalle. Mu da munka haihu tara, wa ag gaya muna hura iska?"
Na tsaya bakin ƙofa na ce, "Haka ne, Inna." Tir.

Asabar, 8 ga Yuni
Ɗakin kamar gidan suya.

Litinin, 10 ga Yuni
Suna. Hamida. Mata cike da gida ana yaba tuwo, mai jego tana numfashi sama-sama kamar kazar da aka ɗauko daga kasuwar Jega a bayan babur. Na gani. Kunyar suruka ta hana ni magana, sai na tafi rabon goro.

Talata, 11 ga Yuni
Zazzaɓi. Ba ta iya ƙarasa "Alhamdu lillahi" sai ta huta a tsakiya. Mun koma asibiti. Sadiya ta kwance zanen, ta ɗaga shi da yatsa biyu, ta dube ni.
"Malam, ba kai ne mai karatu ba?"
Ciwon huhu ne. Allura, da robar iska a hanci.

Alhamis, 13 ga Yuni
Abin da ke fitowa daga ƙirjinta kore ne, mai yauƙi. Inna ta kasa kallo, ta fita da carbinta. Ba kowa kusa, dole na riƙe mata gwangwanin da take tofawa a ciki. Na yi amai a bayan famfo.

Lahadi, 23 ga Yuni
Muna gida. Taga a buɗe. Ni na cire tsumman, gaban Inna, ban kuma ce haka ne ba. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwata.
Da hantsi na kama hannun Kubura muka taka har bakin rijiya, ana kallonmu ta katanga. Ta tsaya ta yi tari, na danne mata filon. Ta ce, "Malam, ba ka ƙyama yanzu?"
Na ce ina yi mana.
Gwangwanin dai ni nake wankewa. Su Inna ba su iya ba ne.