Sun Soke Hutun Doya

Zuwa ga Yaya Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinka, yaya aikin reluwe da zafin Ikko? Yaya Saratu da yara? Mu a nan Masaka lafiya lau, sai ɓacin rai.

Hutun doya da tsohon Fada yake ba mu a kwalejin mishan don mu taya iyaye haƙa, sabon Fada ya soke shi, wai kwaleji ba gona ba ce. Ɗanka Ishaya ya ji Baba na kwance da ciwon baya, doya tana neman lalacewa a ƙasa, sai ya zo gida ya yi 'yan kwanaki yana haƙa. Da ya koma aka cire shi daga ajin masu jarrabawar fita. Yaron da ba a taɓa wuce shi a lissafi ba!

Na kai kuka taron tsofaffin ɗalibai, ina zaton za su tsaya mana. Ina! Sai Luka, ɗan ajinku da ya zama akawun En'e, ya miƙe yana gyara kwat, wai zamani ya canza, mai son gona ya zauna a gona. Luka fa, Yaya! Wanda a gidanmu yake yin hutun, Mama tana gasa masa doya.

Na ce, "Malam Luka, doyar nan ce ta yi maka wannan tumbin."

Don Allah ka rubuto wa Fada, ka kuma sa yaron a addu'a. Gaishe da mutanen gida.

Baba bai sani ba tukuna. Kullum sai ya tambaye ni yaushe jikansa zai zauna jarrabawa.

Ƙanenka,
Yohanna