Saiwar da Radiya ta kawo daga Sin

Asabar, 5 ga Oktoba 2024
Radiya ta sauka yau a motar Zinder. 'Yata, ta gama karatun haɗa magani a ƙasar Sin! Na zaga da ita kasuwar Tanout rumfa-rumfa. Hamidu mai goro ya ce, "Mato mai saiwoyi, ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Na yi kamar ban ji ba. Na ji sarai.

Litinin, 7 ga Oktoba
Tsarabarta: saiwar wani ɗan itace, an yayyanka ta siriri, cikinta rawaya. Wai can a romo ake dafa ta don mai jinya ya yi ƙarfi, kuma uwarta Binta, da ke kwance tun damina, za ta ba. Na tauna, zaƙi-zaƙi. Magani ba ɗaci? Na ce tun zamanin kakana saiwar wani ba ta shiga gidan nan ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba
Binta ko kunu ta ƙi. Ganyen sabara, saiwar sanya, duk na jiƙa mata.

Juma'a, 11 ga Oktoba
"Baba, ba gasa na zo yi da kai ba. Inna ce ke ramewa." A gaban kowa Radiya ta faɗa. Ta ɗauki Binta sai wurin likita. Jini ne ya yi ƙasa, aka ba da ƙwayoyi. Da yamma na ji ƙamshin romon nan daga madafa. Na fice masallaci da wuri.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Binta ta zauna, har ta yi mini faɗa a kan hulata. Alhamdulillahi. Na tsokani Radiya, "To, saiwarki ce?" Ta ce, "Ƙwayoyin ne, Baba. Saiwa taimako ta yi." Mai magani da ba ya zuga kayansa. Jinina ce wannan.

Asabar, 9 ga Nuwamba
Na tafi da Radiya dajin Falanko, inda nake haƙar saiwoyi, wurin da ban taɓa nuna wa kowa ba. Gwiwata ce ke ciwo, shi ya sa. Ta durƙusa ta yanki saiwa ta gefe ɗaya, ta mayar da ƙasa a kan sauran. Ban gaya mata ta yi hakan ba. Wai haka malaminsu na Sin ya koya musu. Ni da na ɗauka kakana kaɗai ya san wannan.

A hanya na sa ta maimaita mini sunan saiwar tata har bakina ya iya. Don in sani ne kawai.