Na Ce wa Surukata Karatun Ɗanta Ne a Cikin Wayar

Assalamu alaikum Anti mai kula da wannan fili, tare da duk masu karatu. Allah Ya saka da alheri bisa yadda kuke sauraren damuwar mutane. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma ina roƙon masu ba da shawara su karanta har ƙarshe kafin su yanke mini hukunci. Na san na yi laifi, zagin da nake yi wa kaina kullum ma ya ishe ni. Mafita nake nema.

Ni mace ce mai takaba, saura kaɗan in fita. A cikin birni nake, wajen Sheshe, ba zan faɗi lungun ba don irin lungunan nan ne da in ka yi tari maƙwabci zai ce maka sannu. Mijina, wanda zan kira Malam, yana koyarwa a Islamiyya, shi ke jan salla a masallacin ƙofar gidansu in liman ba ya nan. Gidansu gidan malamai ne tun kaka da kakanni, gidan da ko rediyo aka kunna, da an gama labarai ake kashewa. A nan muke zaune da mahaifiyarsa, Hajiya. Malam ɗan farinta ne, ita kuma irin matan da ce masu kara. Tunda na shigo gidan ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai dai ta ce "malamin naku". In ya zo gaishe ta, bango take kallo ta amsa a taƙaice, kai ka ce ɗan maƙwabta ne ya shigo ɗibar wuta.

Lokacin da wayoyin nan masu memori suka cika gari, motocin 'yan siyasa na yawo da waƙa a kowane titi, malamai kuma na ta wa'azi a kan samarin da ke cika waya da kiɗa, sai ga Malam ya sayo tasa, 'yar Caina mai ƙarar tsiya, da iyafis ɗinta. Kullum in ya dawo bayan la'asar sai ya kishingiɗa ya toshe kunnuwa ya lumshe ido. Ni da kowa mun ɗauka karatu yake ji. Wata rana ina ninke kaya na lura babban yatsan ƙafarsa yana motsi, irin motsin da ban taɓa ganin karatu ya sa mutum ba. Na ce, "Malam, wane alaramma ne wannan da ake taka masa rawa?" Ya buɗe ido, ya dubi ƙofa, ya zare ɗaya ya sa mini a kunne. Wallahi waƙar soyayya ce, irin ta gidan biki, har da amshin 'yan mata. Na yi dariya har na zauna a kan kayan da na ninke. Ya ce, "To kin kama ni. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi. Amma ki rufa mini asiri, in Hajiya ta ji na kaɗe." Na ce na rufa. Daga ranar muka zama ɓarayi biyu, kunne ɗaya nasa ɗaya nawa, ƙofa a sakaye.

Akwai kuma ranar da muka saɓa, na ɗaure fuska na ƙi yi masa magana. Zai fita makaranta sai ya ajiye wayar a kan filo ya ce in danna. Ashe muryarsa ya naɗa, yana buga murfin kwano yana rera wata waƙa da ya ƙirƙira da sunana a ciki, wai mai fushi ta sauko, tuwonta ya fi na kowa ko da ya yi gudaji. Muryar da in ta ja salla take sa jikin mutum ya yi sanyi, a waƙa kuwa ko kwaɗo ya fi ta. A ƙarshe dariya ta ƙwace masa ya kasa ƙarasawa. Wannan ce kaɗai muryarsa da ta rage a duniya. Bai taɓa naɗar karatunsa ba, ya ce yana tsoron riya.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya tafi da shi. Ba zan iya ba da labarin wannan ba. Da aka watse daga zaman makoki aka bar ni da ɗaki da tabarma da carbi, ba fita, ba ado, ba mai hira da ni sai mai zuwa ya ce in yi haƙuri ya tafi. Ina yi masa addu'a, Allah ne shaidata. Amma shirun ɗakin nan ya kusa zautar da ni. Rannan na jawo wayar daga aljihun rigarsa, na zura iyafis ta ƙarƙashin hijabi, na danna. Anti, wace irin mai takaba ce ke jin waƙar biki a ɗakin da aka fitar da gawar mijinta? Ni ce. Ina ji ina kuka, carbi a hannuna, kuma ban daina ba. Kowace waƙa na san inda yake gyaɗa kai, na san wadda yake tsallakewa. In na zo kan tasa sai in maimaita har batir ya mutu.

Wata gwaggonsa ce ta fara ganin igiyar ta leƙo ta wuyan hijabina. Ta ce, "'Yar nan, me kike ji haka kike zubar da hawaye?" Na ce karatu ne. Da ta yi shiru a nan da shi ke nan. Sai ta ce, "Na wane malamin?" Har yau ban san abin da ya shiga bakina ba. Na ce, "Nasa ne, Gwaggo. Ya naɗa kafin ya rasu." Ta ɗora hannu a ka tana salati tana sa mini albarka.

Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tawa ta yi 'ya'ya har da jikoki. Kafin sati ya zagayo duk lungun an san matar Malam ba ta da aiki sai sauraren karatun mijinta. Mata na kawo 'ya'yansu su gaishe ni, ana cewa su yi koyi da ni. Wata ta ce a gabana, "Ga mace, ba irin na yanzu masu cika waya da shirme ba." Na sunkuyar da kai, ita ta ɗauka kunya ce, alhali a daidai lokacin ganga ce ke tashi a kunnena na hagu. Ɗalibansa sun aiko a tura musu ta bulutut, na ce sai na fita takaba. Kullum in ce yau zan goge komai in huta, in kai yatsa in kasa. Ta yaya zan goge dariyarsa da hannuna?

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Wata rana da hantsi Hajiya ta yi sallama a ƙofar ɗakina, ita da ba ta taɓa taka shi ba tun ranar da aka kawo ni. Ta zauna a bakin tabarma ta daɗe tana gyara gefen zanenta. Can ta ce, "An ce malamin naku ya bar karatu a abin nan." Na ce e. Ta ce, "In ba takura, ko aya ɗaya ce ki sa mini." Ba ta dube ni ba. Matar da ta yi shekara da shekaru tana ɓoye son ɗanta, yau ta ajiye kunya ta zo roƙon surukarta. Na ce, "Hajiya, ba caji, kin ga kwana biyu ba wuta." Ta ce ba komai, ta tashi.

Washegari ta aiko a karɓi wayar a kai wa mai caji. Na zare memorin na ɓoye a cikin filo kafin in bayar. Da aka dawo da ita na ce sifikar ta lalace. Ta ce ta ga ai a kunne nake sawa, ita ma tana da kunne. Na ce iyafis ɗin ɓangare ɗaya ya mutu, kuma yana jan mutum. Anti, tsohuwar da ta binne ɗanta nake yi wa wannan wasan. Ba ta taɓa ce mini ƙarya nake ba. Sai dai ta ce, "To, Allah Ya kai mu," ta koma ɗakinta, ta kuma aiko mini da kunu kamar kullum. Kunun nan sai in ajiye shi har ya huce ban sha ba.

Da abin ya ishe ni na gaya wa yayata da ta zo daga gidanmu a Yakasai. Ta zage ni tas, sannan ta kawo dabara. Ta ce akwai wani mai karatu da muryarsa ke kama da ta Malam, za ta sa a tura mini, Hajiya ta tsufa kunnenta ya yi nauyi, ta ji ta samu sanyi a ranta, kowa ya huta. Ban ce a'a ba. Yanzu haka karatun mutumin yana cikin wayar. Na ma shirya kai mata, sai ga shi shekaranjiya muna tsintar shinkafa a tsakar gida, ba tare da na tambaye ta ba, ta nuna mini bangon ɗakinta da ya haɗu da masallaci. Ta ce, "Kin ga nan? Duk ranar da shi zai ja salla, a nan nake shimfiɗa dardumata. Bai sani ba, babansa ma bai sani ba. Tun yana ƙarami yake da wata 'yar sarƙewa in zai ja numfashi. Ko cikin mutum dubu ya yi tari zan gane shi." Sai ta ce ta san nauyi nake ji, ba za ta ƙara matsa mini ba, amma ranar da zan fita takaba, kafin 'yan'uwana su tafi da ni, in shigo ɗakinta mu biyu in sa mata sau ɗaya, ba za ta nemi ƙari ba.

Juma'a mai zuwa ce ranar. An riga an ɗinka mini kayan fita, an jiƙa geron sadaka. Ni kuwa ko ta ina na juya bango nake gani. In na sa mata muryar baƙo ta gane, da wane ido zan kalle ta? In ba ta gane ba, ta yi kuka a kan muryar ɗan wata, ina zan kai wannan alhakin? In na ce memorin ya ɓata, na hana uwa abu ɗaya da ta taɓa buɗe baki ta roƙa a kan ɗanta. In kuma na sa mata ta gaskiyar, za ta ji shi, har da 'yar sarƙewar tana nan na saurara, amma za ta ji malaminta yana buga murfin kwano yana yi wa mace waƙa, ta gane abin da na yi takaba da shi ke nan, ni kuma na tona asirin da ya ce in rufa masa, yana kwance inda ba zai iya kare kansa ba. Wani lokaci zuciyata na ce mini uwa ce, dariyar ɗanta za ta fi mata komai. Wani lokaci kuma in tuna gidan da nake.

Don Allah iyaye mata da ke karanta wannan fili, musamman waɗanda suka rasa ɗa, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Tana can tana ƙirga kwanaki, ɗazu ma na ji tana tambaya ko za a kawo wuta kafin Juma'a. Me zan yi?