Rubutun Hannuna Ne, Baba

Assalamu alaikum, Baba,

Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, Allah ya ƙara haskaka makwancinka. Na san takardar nan ba za ta iso ka ba, shekara shida ke nan da muka raka ka. Amma yau a duk faɗin birnin Zariya ba ni da wanda zai saurare ni har in kai ƙarshen magana, shi ya sa na dawo gare ka.

Inna tana nan. Idon ya ƙara rauni, ƙafar ma sai a hankali. Daminar bana ta ci katangar gabas, mun tokare ta da azara. Zaurenka kullum a share yake, buzunka a shimfiɗe, sai dai babu kowa a ciki. Tuhumata ake yi da taimaka wa 'yan ta'adda, Baba. Ni Lawal, da kake yi wa dariya don na kasa riƙe ƙafar rago ranar layya. Wata bakwai na yi a tsare kafin kotu ta ba ni beli, bisa sharaɗin kada in karantar da kowa. Da ma ba su wahalar da kansu ba. Ko an bar ni, wa zai zo?

Ka san al'adar gidan nan. Duk wanda ya shigo da littafinsa ya zauna, a biya masa karatu. Ba a tambayar garinsu, ba a rubuta sunansa. Ranar da ya sauke, malam ya karɓi littafin ya rubuta masa addu'a a shafin ƙarshe, ya sa sunan gidanmu a ƙasa, babu sunan kansa, babu kwanan wata. Haka ka gada, haka ka bar mini. To, bara jami'an tsaro suka tsinci wani ƙaramin littafin fiƙihu a maɓoyar 'yan bindiga cikin daji, da addu'ar nan a bayansa.

Da suka ajiye shi a gabana na gane shi nan take. Na tuna mai shi, wani dogon mutum marar yawan magana da ke kawo hatsi kasuwa, ya yi kusan shekara biyu yana zuwa bayan la'asar. Tsarki da salla na koya masa, ban san komai nasa ba bayan wannan. Amma tsoro ya kama ni, na ce musu rubutunka ne. Kai ka koya mini riƙon alƙalami, kana ƙwanƙwasa mini yatsu har kai kanka ka daina bambance rubutunka da nawa. Na ce a raina, ai ba a kai mamaci kotu.

Ashe ana kai shi, Baba. An karanta maganata a gaban alƙali, kafin magariba labarin ya zagaye unguwa. Yanzu in an ambaci sunanka a rumfar masu ɗinkin manyan riguna sai a rage murya. Na ji an ce wasu tsofaffin ɗalibanka sun yage shafin ƙarshe daga littattafansu. Shekara arba'in kana zaune a kan buzun nan, na ɓata maka ita da magana ɗaya.

Ni kaina ban tsira da komai ba. A masallaci ana barin gurbin mutum guda tsakanina da na kusa da ni. An daina aiko mana goron ɗaurin aure. Duk wannan ina iya ɗauka. Abin da ya fi ƙarfina shi ne Inna. Ka san ta, ba ta barin magana ta kwana a cikinta, amma har yau ba ta ce mini uffan ba. Ta dai daina cewa ina kama da kai.

Akwai kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Can a tsare na yi fushi da kai. Me zai hana mu tambayi mutum daga ina yake? Wa littafin sunaye zai cutar? Har yanzu ban san ko kuskure muka yi ba. Na dai san cewa wanda ya zo neman yadda zai yi salla, ban ga ranar da zan iya korarsa ba, kai ma ba ka taɓa yi ba.

Lauyana ya ce in na tsaya a kan maganata ta farko shari'ar za ta mutu, don masu ƙara ba su da wata hujja. In kuwa na sauya, za a ce wanda ya yi ƙarya sau ɗaya ba a yarda da sauran zancensa, ƙila ma a soke belin. Ranar Litinin za mu koma kotu. Na riga na haɗa jaka: riguna biyu, carbi da maganin hawan jini. Zan gaya wa alƙali cewa hannuna ne ya yi rubutun. Tsoro nake ji, Baba, ba zan ɓoye maka ba, kuma ban san wa zai riƙa share zauren ba.

Ka yafe mini. Allah ya haɗa fuskokinmu a inda babu mai tuhumar wani.

Ɗanka, Lawal. Wannan karon na sa sunana a ƙasa.