Ambulan ɗin Tsaraba

Daren Laraba, Ainu Shams

Jibi sai tsibirin Zanzibar! Shekara biyu ina tarin kuɗi saboda tafiyar nan. Na raba kuɗin ambulan uku: masauki, abinci, yawon kwale-kwale. Kilishi da garin kwaki suna jaka, ba otal ɗin da zai tsuga mini kuɗi.

Bayan Isha'i 'yan'uwa ɗalibai suka zo sallama, kowa ya damƙa mini ɗan abu: "A sha ruwa a hanya." Ina ta washe baki, sai matata Hafsat ta ce, "Malam, mutum goma sha ɗaya ne fa. Ina ambulan ɗin tsarabarsu?"

Wallahi shaf na manta. Khalas, shi ke nan, na goge "kwale-kwale" na rubuta "tsaraba". Teku dai ko daga gaɓa ana ganinsa, kuma kyauta.