Shafin Sabulun Abu Talal

Saida, Labanan

Kawu Wafik,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan ciwon ƙafa ya yi sauƙi. A gaida Anti Nuhad da duk mutanen Kuwait.

Kawu, abokin nan naka Abu Talal mai sabulun zaitun, wanda ka ce in gina wa shafin intanet, ya kusa sa mini furfura. Ka san kamfanin Dubai sun ce za su ɗauke ni aiki in suka ga shafi guda da na gina yana aiki. Adireshin shafin nasa na ba su, don ba ni da wani.

Na gama shi tsaf. Ya duba ya ce, "Ina hoton mahaifina?" Na sa. Ya ce ya yi ƙanƙanta, kamar an raina mamaci. Na ƙara masa girma. Sai ya ce a cire farashi gaba ɗaya. Na ce, "Baba, to yaya mutum zai saya?" Ya ce, "Yarinya, ban taɓa yanka wa mutum farashi ban ga fuskarsa ba. Ɗan unguwa da nasa, baƙo da nasa, matar mamaci kuwa ba ta biya." Wai shafin ya fara gaida mai saye, ya tambaye shi ɗan gidan wane ne, sannan a yi ciniki.

Don Allah ka yi masa magana. Na gaji.

'Yarka,
Ghinwa

*

'Yata Ghinwa,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, tsufa ne ba ya jin magani. Na karanta takardarki ina dariya har Nuhad ta ce in ji tsoron Allah.

Na kira shi. Amma ki sani, mutumin nan da kafaɗarsa aka kai kakanki makwanci, bakina ba zai iya ce masa ya yi kuskure ba. Ina fara magana ya ce 'yar gidanku akwai kaifin baki, sai na koma tambayar jikoki. Ki sha gahawarsa ki ce to. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, kuma Dubai ba gudu za ta yi ba.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki

*

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Dubai gudu take yi, sun riga sun tuna mini.

Na ce to har bakina ya gaji. Abu Talal ba ya duba aiki a kwamfuta, sai na buga masa a takarda ya bi da jan biro. Matarsa kore take so launin shafin ya zama. Ɗansa na Abijan ya aiko saƙon murya, shi ruwan zinare. Surukinsa Fadi, wanda ya taɓa gyara waya, shi ne yanzu malamina: a sa kiɗa ya tashi da kansa, a sa kumfa tana zubowa a kan rubutu. Jiya Abu Talal ya tambaye ni, ba da wasa ba, ko akwai dabarar da mai kallo zai ji ƙamshin sabulun.

Na ce masa ba zan iya ba, kuma na ajiye aikin. Na fito na bar gahawar a kofi ban taɓa ba. Na san hakan raini ne ga babba, Mama ta riga ta yi mini faɗa. Zan roƙi Dubai su ƙara mini lokaci in gina wani, ko na shagon ƙarya ne.

Ka yafe mini in na kunyata ka.

Ghinwa

*

Bismillah.

Zuwa ga 'yarmu Ghinwa, jikar aminina, bayan gaisuwa da fatan alheri.

Na yafe miki maganar gahawa, ƙuruciya ce. Ina sanar da ke cewa Fadi ya ƙarasa aikin yadda muke so, da kiɗan da kumfar da komai, an kuma buɗe shi ga duniya tun shekaranjiya. Fadi ya so ya sa sunansa, na hana. Ban taɓa cin gumin wani ba. Na sa an rubuta naki da manyan baƙaƙe masu ruwan zinare, a ƙarƙashin hoton mahaifina, yadda duk wanda ya shiga zai san aikinki ne.

Ki gaida mahaifiyarki. Wassalam.

Abu Talal

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Mutanen Dubai sun buɗe shafin kafin saƙona ya isa. Sun gode mini cikin ladabi, sun ce salona bai dace da nasu ba. Na yi bayani, ba su amsa ba.

Abu Talal ya aiko, wai shafin ba ya buɗewa a waya, in zo in duba tunda sunana ne a kai. Mama ta ce ba a ƙin kiran babba. Gobe zan je.

Ka huta lafiya.

Ghinwa