Kafin a Gwada a Gonar Baba

Birnin Kudu, Laraba bayan La'asar.

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya baƙunta? Ya Anti Zulai da yara? Muna lafiya, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Ka san manhajar da muke rubutawa a wurin aiki, mai duba hoton ganye ta faɗi cutar shuka. Akwai wata manhajar kuma da ke binciken rubutunmu don gano kurakurai. Jiya ta nuna ja, ta ce an kwafi sashen gyara hoto wuri biyu, kuma sun saɓa. Yau na tarar ta koma kore, wai babu kuskure. Na tambayi shugabanmu, ya ce, "Sabon shiga, an gyara, kwantar da hankalinka."

Na duba, Yaya. Ba a taɓa ko layi ɗaya ba. Cire sashen aka yi daga binciken.

Ranar Asabar za a fara gwajin manhajar ganyen a gonar riɗin Baba ta Kiyako. Ban san wanda ya cire ba, ban san dalilinsa ba, ban san makomar aikina in na yi magana ba. Amma ba zan bari Baba ya fesa magani da faɗar wannan manhajar ba.

Ka sa ni a addu'a. Gai da kowa.

Ƙaninka,
Nura